Ranar da Motata Ta Tuƙa Ni

Jiya da daddare wani mafarki na yi, har yanzu hannuna bai bar kan leɓena ba.

Wai ina kwance a tsakar gida, an lulluɓe ni da tamfol, sai ga tsohuwar motata, Shuɗiya, ta fito daga ɗakina tana miƙa. A garin nan motoci ne ke hawan mutane, ba kuma wanda ya ga abin magana. Ta murɗa mini kunne, na tashi. Ban ko wartsake ba ta taka ni, sai gudu.

"Ki bari jinina ya zagaya mana," na ce.

"Kai kana barin nawa ya zagaya?" in ji ta.

Ba wani wuri muka je ba, bakin layi ne. Ta sayi burodi, muka dawo, ta kashe ni. Ina fara gyangyaɗi ta sake murɗa kunnen, wai ta manta siga. Wannan karon ta bayan injin niƙa muka yanke, hanyar ƙurar da nake bi kullum don gudun cunkoso, totur da birki, totur da birki. A garin mafarkin kuwa gashin baki shi ne filtar mai, duk dattin da jini ya kwaso nan yake tsayawa. Nawa kowa ya san yadda nake ji da shi, tun ina saurayi reza ba ta taɓa shi ba.

Sai ga mu a garejin bakanikena, Oga Sallau. Shi ne dai, amma ya koma agwagwa, da sifana a fiffike. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi, don haka kowa a kan lemarsa yake tsaye. Ya matse gashin bakina, baƙin mai ya ɗiga da kauri kamar kunun da ya kwana.

"Hajiya, wane irin tuƙi kike wa bawan Allahn nan? Ai kin kashe filtar tun kwananta bai ƙare ba."

"Wallahi Oga, a wajensa na koya."

"To, sai an canza. Amma ta kyanwa ce kaɗai ta rage a shago."

Nan fa tsoro ya kama ni. Na hango kaina a sahun gaba ranar Juma'a da gashi uku nan, uku nan. Na yi rantsuwa, na yi magiya, Shuɗiya ko fitila ba ta ƙifta ba. Oga Sallau ya saƙala sifana a ƙasan hancina, ya fara kwancewa, ƙiii, ƙiii.

Ashe matata Hansatu ce ke jan ƙyauren gida.

"Malam, tashi ka miƙa ni bakin layi, burodi ya ƙare."

Na shafa leɓe. Gashin bakin yana nan, alhamdu lillahi.

"Ɗauko mayafinki," na ce, "yau da ƙafa za mu."

Da muka zo wuce motar na ɗan rusuna, na ce, "Ina kwana, Hajiya."