Tumatirin Beryl

"Kashe rediyon nan, ki kwashi yaran ku tafi lambu," in ji Baba Des.

Kirsty ta kashe rediyon, amma ba ta tashi daga bakin gadonsa ba. Ita ma ta ji sanarwar: yau raɓa za ta daskare a duk kwarin Huon, karo na farko a kakar bana. Duk tumatirin da ya kwana a waje, gobe sai dai a zubar.

"Ba inda za ni, Baba. Nas ta ce kada a bar ka kai kaɗai."

"Ita nas ɗin ta taɓa shuka ko albasa?"

Haka bakinsa yake tun ranar da suka zama maƙwabta. Lokacin da Kirsty ta cire 'ya'yanta daga makaranta ta koma koya musu a gida, tsohon nan ya yi ta mita ta kan shinge, wai jahilai za ta tara wa gari. Daga baya kuma shi ya ƙwace rabin karatun. Duk kaka, lokacin dafa tumatir a adana a kwalabe, kicin ɗinsa ke zama aji. Imogen, babbar, na auna gishiri, ƙaninta Hamish na jera kwalabe, tsoho na tsaye a kansu yana faɗa. Lissafin da ya ƙi shiga kansu a littafi, a bakin tukunyarsa suka iya shi.

Bana ciwo ya kayar da shi, tumatirin kuma ya yi lattin nuna. Irin shukar marigayiya Beryl ne, matarsa, ba mai shi a ko'ina sai gidan nan. In 'ya'yan ba su nuna ba, babu irin baɗi. Dabara ɗaya ta rage: a tumɓuke su da saiwarsu, a rataye su kai ƙasa cikin rumfa, su ƙarasa nuna a can.

Amma Kirsty ta yi wa ɗansa Graham alkawari ta waya cewa mahaifinsa ba zai cika shi kaɗai ba. Graham yana cikin jirgin ruwa, sai gobe zai iso. Ta kuma ji yadda numfashin tsohon ya sauya tun hantsi, ya koma kamar ana jan kujera a daɓe.

"Yaran su je, ni in zauna," ta ce.

"Hamish? Wannan mai hannun biri? Kakkarya su zai yi. Kuma wa zai hau tsani?" Ya huta, ya tattaro numfashi. "Yarinya, kin zauna kin tsura min ido kamar madara a kan wuta. Ni ba zan yi bori in zube ba. Tashi."

"In na dawo na tarar..."

"Ki tarar da me? Tafiyar nan ba a yi wa mutum rakiya. Tumatir kuwa ana iya cetonsa."

Ranta ya ɓaci, tsoro kuma ya cika ta. Ta gyara masa bargo, ta jiƙa masa leɓe da ruwa, ta fita ba ta yarda ta waiwaya ba.

Sanyi ya riga ya fara cizon yatsu. Ita ke tumɓukewa, Imogen na kaɗe ƙasa, Hamish na saɓawa a kafaɗa yana kaiwa rumfa, ɗanyun 'ya'yan na dukan bayansa. Ta hau tsani ta ɗaure su ɗaya bayan ɗaya a katakon rufi. Kafin rana ta faɗa bayan dutse, lambun ya zama fili.

"Ku tattara igiyoyin, ina zuwa," ta ce musu, ta ruga gidan ko takalmi ba ta cire ba.

Tun daga ƙofa ta ji ɗakin ya yi shiru.

Mutumin da ko kofi ba ya iya ɗagawa ya mirgina ya fuskanci taga. Ya ja labulen gefe, bakin ƙyallen yana nan damƙe a hannunsa. Kirsty ta durƙusa, ta sa kanta daidai nasa a kan matashi, ta duba. Daga nan ana ganin lambun duka, har ƙofar rumfar.

Ta kai hannu ta rufe masa ido, yatsunta suka bar masa ƙasa a goshi.

A waje Imogen ta hango labulen a buɗe. Ta taɓa ƙaninta, su biyu suka juyo suna ɗaga wa tagar hannu.