Tsibirin Surukar Inna

Tun farko na san ba za a rabu lafiya da wannan tafiya ba, don duk abin da Yaya Khalilu ya tsara shi kaɗai, sai an warware an sake. Yayana ne, ɗan farin Inna Larai, yana koyar da aikin gona a tsibirin Zanzibar. A can ya auri wata yarinya Safiya, wadda Inna ta mayar Safiyatu, har sun sami 'ya mace. Daga matar har jikar, Inna ba ta taɓa ganinsu ba sai a waya. Lokacin auren Baba yana kwance cikin ciwon ajali, babu wanda ya je daga gidanmu. Abokan aikin Yaya ne suka tsaya masa.

Da kaka ta yi, aka gama cirar gyaɗa, sai ya ce zai ɗauki hutu, a kawo Inna ita ma ta huta. Ni Ramlat, da yake ina koyarwa a Ɗanbatta kuma na iya latse-latsen waya, aka ɗora mini rakiya da duk wahalar tikiti. Ban yi musu ba. Wa ke ƙin banza?

Tsarin nasa ya yi kyau a ido. Babban jirgi zai ɗauke mu daga Kano, mu canza wani a hanya, mu sauka Zanzibar. Daga nan sai ƙananan jirage, irin waɗanda ba su fi motar haya ɗaukar mutane ba. Za mu je tsibirin Pemba da safe mu ga gonakin kanumfari, mu dawo da yamma. Na ƙarshe shi ne wani tsibiri wai shi Mafiya, mai ruwa garai-garai har ana hango kifi a ƙasa. Wannan shi ne nawa. Hotonsa na sa a fuskar wayata, kuma babu malamar da ban nuna wa ba a makaranta, har suka fara ce mini Hajiyar teku.

Ran Asabar na je ƙauye in yi wa Inna bayani. Na tarar da ita a gindin darbejiyar tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Na san taswira ba za ta yi mana ba, sai na tara ɓawon gyaɗa tsibi uku a kan tabarma, na ɗauki tsinken tsintsiya ya zama jirgi.

Ta ce, "To a nan wurin wa za mu sauka?"

Na ce, "Otal, Inna. Ɗaki ne ake kamawa."

"Wancan fa?"

"Shi ma otal."

Ta dube ni kamar na zo da maganar mahaukata. "Wato garuruwan da ba mu san kowa ba. Ba biki, ba gaisuwar mutuwa, ba fatauci. Me muka je yi?"

"Hutu, Inna."

"Hutu a garin mutane," in ji ta, ta ci gaba da aikinta. Ban damu ba, don Inna ko kasuwar Tofa ba ta zuwa sai da dalili.

Da tsinkena ya sauka a kan tsibi na biyu na ce Pemba, sai hannunta ya tsaya cak.

"Ba nan ne garin su Safiyatu ba?"

Wallahi ban yi zaton ta riƙe sunan ba. Na ce nan ne, amma ƙauyensu yana can ƙarshen tsibirin, ga nisa, mu kuma jirgin yamma za mu biyo. Na ƙara da cewa jirgi ba motar Ɗanbatta ba ne, da za a ce direba ya dakata Hajiya tana sallama.

Ta karkaɗe zanenta ta ce, "Kira mini yayanki." Inna ba ta faɗin sunansa, kunyar ɗan fari.

Yaya ya yi ta bayani da muryar nan tasa ta aji. Wai gidan surukar tasa ƙarami ne, ba lantarki, hanyar ba kyau, ba ya son Inna ta wahala. Wai zai aika mata da saƙo daga baya, kuma Safiya ma ba ta ce komai ba.

Inna ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce, "Me za ta ce? Yarinya mai kunya? Kai yanzu matar nan ta ɗauki 'yarta ta ba ka, ba ta ga uwarka ba, ba ta ga ubanka ba, ba wanda ya kai mata ko ƙwayar goro daga gidan nan. Sai in taka ƙasar garinta, in kalli itatuwa, in juyo? In ta ji, ta ce daga wane irin gida ka fito? In ba za a kwana a ɗakin matar nan ba, a mayar wa masu jirgi kujerarsu. Ina nan."

Ta miƙo mini wayar, magana ta ƙare. Wanda ya san Inna ya san ba barazana ba ce.

Sai aiki ya dawo kaina. Na hau tudun bayan rumbu, inda waya ta fi kamawa a gidanmu, na yi ta lalube. Ƙananan jiragen nan kujerunsu kaɗan ne, mu kuma ga mu da yawa, da Yaya da Safiya har da goyo. Ranar da ake da gurbin tafiya, babu na dawowa. Ranar da ake da na dawowa, jirgin Mafiya ya riga ya tashi. Na juya ta nan, na juya ta can, hanya ɗaya ce rak: a kwana Pemba, a bar Mafiya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na sauko ina ƙunƙuni, na ce mutum ya samu dama sau ɗaya a rayuwa, sai a ƙare a gaishe-gaishe kamar ranar Sallah. Inna ta ji ni sarai. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ruwa ne fa, Ramlatu. Ba zai ji haushi ba don ba ki je ba."

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga maganar kaya. Ƙaramin jirgi ba ya ɗaukar nauyi, kowa jaka ɗaya marar nauyi sosai. Inna kuwa ta shiga haɗa gaisuwar surukai kamar yau aka ɗaura auren: turamen atamfa, goro, daddawa, kuka, tabarma, da faya-fayan da ta saƙa da hannunta. Muka aro sikelin Mati mai awon gyaɗa, aka rataya a reshen darbejiya. Jakarta ta zarce nesa ba kusa ba. Na cire faya-fayan, na ce ai can ma suna da abin rufe kwano. Har yanzu da saura.

Inna ta sauke kayan daga sikelin. Ta buɗe jakar, ta zaro sababbin ɗinkunanta, waɗanda Yaya ya sa aka yi mata musamman don tafiyar, irin da ba ta taɓa sa kamarsu ba tun rasuwar Baba. Ta ninke su ta mayar cikin akwati. Ta bar wa kanta zannuwa biyu na kullum da mayafi.

Na ce, "Inna, hotuna fa?"

Ta ce, "Jikata ba atamfa za ta gani ba."

Muna cikin haka waya ta yi ƙara. Safiya ce da kanta, abin da ba ta saba ba, don kullum a bayan Yaya take leƙowa ta gaida Inna ta gudu. Idonta ya yi ja. Da 'yar Hausarta mai karyewa ta ce, "Inna, na gode. Mama ta ji." Sai kuka ya ci ƙarfinta, Yaya ya karɓi wayar.

Muryar aji ta tafi. A hankali ya ce shi ma yau ya sani. Ashe tun da mahaifiyar Safiya ta ji za mu ratsa Pemba, ta yi magana da wani mai babur ya kai ta filin jirgi ranar. Ba ta gaya wa kowa ba sai 'yarta, kuma ta hana ta faɗa, wai kada a takura wa baƙi. Niyyarta ta tsaya a bakin shinge, ko daga nesa ne ta ga matar da ta haifi mijin 'yarta.

Na ji tausayin matar nan da ban taɓa gani ba ya kama ni. Inna ta goge ido da gefen mayafi, ta matso da bakinta kusa da wayar kamar yadda take yi kullum, wai don a fi ji.

"Ka ce mata ta zauna a ɗakinta. Ba ita za ta zo ba. Mu muka karɓi 'ya, mu za mu je."

Da aka kashe wayar na jawo tawa jakar. Na fitar da takalman da na saya don yawo a bakin ruwan Mafiya, na ajiye su a kan tabarma, na sa faya-fayan Inna a wurinsu.