Kujerar Masu Kwat

Shagon tsarabar babanmu yana kallon ƙofar babban otal. A cikinsa akwai kujera mai laushi guda ɗaya, wadda ko mu 'ya'yansa ba mu isa mu zauna a kanta ba. Shi kansa a benci yake wuni. Kujerar ta masu kwat ce.

Baba ya kasa baƙin ƙasashen waje kashi uku. Akwai masu kwat, 'yan kasuwa masu jakar hannu. Akwai masu igiya a wuya, 'yan taro da katin suna ke reto a ƙirjinsu. Sai masu goyo, samari da 'yan mata masu yawo da ƙatuwar jaka a baya. Ina ƙarama, mai kwat ɗaya kan yi sayayyar da za ta riƙe gidanmu mako guda, kuma ko ragi ba ya nema. Masu igiya sai ranar tafiya suke lallaɓowa su ɗauki 'yan ƙananan abubuwa. Masu goyo kuwa su taɓa komai, su ɗau hoto, su yi godiya.

Zamani ya juya, Baba ya ƙi juyawa. Masu kwat na yanzu kwana ɗaya suke yi, su sayi ruwan gora su biya da katin banki, su tsaya ƙiƙam sai an ba su rasit. Masu goyo ne ke shafe wata biyu a gari da kwamfuta a cinya, kullum suna neman shayi da wurin caji. Mama ta daɗe da gano haka. Ta ce a ɗauke kujerar, a sa tebur da soket da butar shayi a lungun.

"Da girmana zan koma dafa wa marasa wanka shayi?" in ji Baba.

"Marasa wankan ne ke cika shagon maƙwabcinka, Malam."

Da musu ya ƙi ƙarewa suka yi yarjejeniya. In mai kwat ya zauna a kujerar ya yi sayayyar kirki kafin wata ya ƙare, Mama ta bar maganar har abada. In ba haka ba, lungu ya zama nata.

Wata ya kusa mutuwa, kujera sai ƙura take sha. Baba ya koma tsayuwa a bakin ƙofa yana washe baki ga duk mai ɗaure da nakatayi, su kuwa su wuce da waya a kunne. Gaskiya ya ba ni tausayi, amma dariya ta fi yawa.

Ranar ƙarshe sai ga mai kwat ya shigo, irin na da sak: nakatayi mai faɗi, jakar hannu, baƙin tabarau. Ya zauna ya harɗe ƙafa, ya yi wani yare ta hanci, ya nuna babban farantin tagulla da ya shekara goma a rataye. Baba ya buɗe baki zai faɗi kuɗi, Mama ta riga shi. Ta ninka farashin sau uku, ta nuna wa baƙon da yatsu.

Baƙo ya leƙa jakarsa, ya ɗago ya dubi Baba. Baba ya dubi fanka.

"A yi masa ragi mana," Baba ya ce a hankali.

"Ragi kuma? Kai da bakinka ka ce ba sa nema." Ta juya ga baƙon da fara'a. "Bawan Allah, ba kati, ba neman rasit? Wane jirgi ne ya ajiye ka tun shekara ashirin?"

Ta matsa ta kama hannun kwat ɗin, inda maɓalli ɗaya ke ɗinke da koren zare. "Ranar da na ɗinka wa Malam wannan, baƙin zarena ne ya ƙare."

Baƙo ya cire tabarau yana zufa. "Wallahi Mama, ni sabon mai gugan otal ne. Baba ne ya ba ni kayan da kuɗin, ya ce kada in kuskura in nemi ragi."

Mama ta karɓi jakar ta juye kuɗin a zaninta, ta ce sun isa tebur da soket har da canji. Mai guga ya tuɓe kwat ya ninke shi da kyau, don dai sana'arsa ce, ya fice.

Na ɗauka Baba zai yi faɗa, sai ya hau shafa hannun kujerar. Nan dariyata ta tsaya.

"Da kuɗinsu na biya muku makaranta," ya ce da ni. "Na zaci za su dawo."

Washegari shi da kansa ya ja kujerar zuwa bakin ƙofa, don a sami wurin tebur. Kafin azahar masu goyo huɗu sun jeru a jikin soket. Baba ya daɗe a tsaye yana hararar su, har ƙafa ta gaji, ya waiwaya ya ga sun mamaye bencinsa, ya zauna a kujerar. Ya ɗan motsa, ya jingina, ya lumshe ido.

"Ashe haka take da laushi," ya ce.

Mama ta miƙa masa shayi. "Na farko kyauta ne, Malam. Ko kana son rasit?"