Kan da Bai Fashe a Wuta Ba

Sau biyu ke nan Yemima tana saka kan mutum na yumɓu a cikin gashin tukwanen matan unguwarsu, sau biyun kuma yana fashewa. Na farko shi kaɗai ya tafi. Na biyu kuwa ya tafi da tuluna uku na Maman Lucia, waɗanda ta yi niyyar kaiwa kasuwar Kafanchan.

"Iya, ki ja wa jikarki kunne," in ji Maman Lucia, tana riƙe da bakin tulu a hannu. "Mu muna gina abin zuba ruwa, ita tana gina gunki. Ko Zumuntan Mata na coci sun ji wannan?"

"Ba gunki ba ne, Mama," Yemima ta ce, kanta a ƙasa. "Mutum ne."

"To mutumin naki ba ya son wuta."

Matan suka yi dariya. Iya, wadda ita ce babba a wurin gashi, ba ta yi ba. Ta ce saura sau ɗaya. In ya sake fashewa, Yemima ba za ta ƙara saka komai a wutar mata ba sai tukunya.

Yemima ta shiga damuwa, don ba mai koya mata. Iya ta iya tulu da kasko da tukunyar miya, amma ta ce tun tasowarta ba ta ga wanda ya gina fuska ba.

Ranar Laraba ta je taya kawunta Abednego tonon citta. Da suka zauna shan kunu a bakin gona, sai ta ga wani abu ja a kan tarin duwatsun da ake tsincewa daga kunya. Ta ɗauka, ta goge ƙasar. Rabin fuska ce ta yumɓu gasasshe: ido ɗaya, hanci, da ɗan leɓe.

"Kawu, wannan fa?"

"Na mutanen da ne. Fartanya tana fito da su. Wani malami ya taɓa zuwa ya ce sun girmi kakannin kakanninmu nesa ba kusa ba. Ki mayar inda kika gani in kin gama kallo."

Ta daɗe tana kallo. Idon yana da rami a tsakiya, hancin ma haka. Da ta juya bayansa, sai ta ga babu komai a ciki, kamar ƙwarya. Kaurinsa bai wuce ɗan yatsanta ba, kuma ga ƙananan tsakuwa a jikin yumɓun. Har wurin da mai ginin ya danna da babban yatsa yana nan. Ta sa nata yatsan a wurin, ya zauna daidai.

Ita kuwa dunƙule take yin nata, kamar curin tuwo, sannan ta sassaƙa fuskar a waje. Wuta ta gasa bayan, cikin yana da danshi, tururi ya rasa hanyar fita.

Ta mayar da rabin fuskar, ta koma gida. Ta daka fasassun tulunan Maman Lucia ta cuɗa da yumɓu. Ta fara daga wuya, tana ɗora zobe a kan zobe kamar yadda Iya ta koya mata ginin tulu. Da kan ya rufe, ta tura kumatu daga ciki, ta huda idanu da hanci da baki da tsinke. Mako biyu ta bar shi a inuwar rumbu yana bushewa.

Ranar gashi, Maman Lucia ta ja tulunanta can gefe guda. Aka jera kara da busasshiyar ciyawa, aka kunna. Yemima ta tsaya tana sauraro. Kara yana ƙara, amma ƙarar da take tsoro ba ta zo ba.

Da yamma toka ta huce, Iya ta sa sanda ta tono kan. Kunne ɗaya ya ɗan tsage, gefen goshi ya yi baƙi, amma yana nan ɗungum.

Maman Lucia ta matso, ta sunkuya. Sai ta dafa ƙirji.

"Yesu! Iya, ai ke ce wannan! Har da giɓin!"

"Hancina bai kai haka ba," in ji Iya, amma ba ta ajiye shi ba. Ta juya shi, ta leƙa ta wuyan. "Ashe tulu ne mai ido. Ki riƙa sakawa a tsakiya, can wuta ta fi daidai."

A hanyar gida Maman Lucia ta cim ma Yemima, ta rage murya.

"Tsohuwata ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Kuma jikin ya fara sanyi. Za ki iya gina mini fuskarta?"

Yemima ta ce sai ta gan ta sosai tukuna.

Washegari da safe ta tafi gidan. Ta tarar da tsohuwar a tabarma tana ɓarar wake. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta jawo tire kusa, ta zauna suna ɓara tare, tana satar kallon yadda bakinta yake motsi in tana magana.