Hayin Gada

Bas ta uku ke nan ta tashi ta bar su a tsaye. Malama ta bi ta da kallo, ta mayar da jakarta kafaɗar hagu, ta sake dawo da ita dama.

"Wannan ta cika da yawa," ta ce.

"Ta farko ta cika, ta biyu direbanta bai yi miki ba," in ji Tela. "Ta huɗu fa, fenti za mu duba?"

Malama ba ta yi dariya ba. Wata tara rabonta da tsallake gada, tun ranar da taya ta fashe musu a tsakiyarta, motar ta kwanta a gefe. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kowa ya ce ta gode Allah, ta kuwa gode. Amma daga ranar, da ta ji an rufe ƙofar mota sai ƙirjinta ya ɗaure, numfashi ya ƙi shiga. Makarantar da take koyarwa ma a ƙafa take zuwa, tafiyar awa guda.

A asibiti aka haɗa ta da masu irin lalurarta, su bakwai, suna zama duk Asabar a wani ɗaki mai fanka ɗaya. A nan ta san Tela, wadda ta taɓa yin shekara biyu ba ta leƙa ƙofar gida ba, sai dai a kawo mata ɗinki har ɗaki. Ita ta ja Malama a jiki. Makon farko zama kawai suka yi a tasha. Na biyu suka hau, suka sauka a tasha ta gaba. Sannu a hankali har suka kai tasha ta bakwai. Ta takwas tana hayin gada, a can kuma 'yar Malama take, da jaririn da ta haifa kwana ashirin da suka wuce. Jiya a waya ta ce, "Ba komai, Umma, in ya yi ƙwari zan kawo miki shi," da muryar da ke nuna akwai komai.

Bas ta huɗu ta tsaya. Malama ta runtse ido ta hau.

Tasha shidan farko sun wuce da sauƙi. A ta bakwai ƙafarta ta miƙe da kanta za ta sauka, Tela ta dafa mata gwiwa, ta koma ta zauna. Ƙofa ta rufe. Hanya ta fara hawa, ƙarafan gada suka soma gilmawa ta taga, ruwa na ƙyalli can ƙasa. Sai a daidai tsakiya motar ta ja birki. Cunkoso, gaba da baya.

Abin ya zo mata gaba ɗaya. Zuciya na dukan uku-uku, yatsu sun mace, gumi na bin bayanta, kujerar gaba kamar tana matsowa.

"Yaya, mutuwa zan yi," ta ce wa Tela. "A buɗe mini."

"Daga ɗaya zuwa goma, tsoron ya kai nawa?"

"Ashirin!"

"To, ya fi na makon jiya sauƙi. Ga ƙofa can, ba wanda ya ɗaure ki. Amma in kin fita tsoron yana sama, gobe a nan zai jira ki. Bari ya gaji tukuna. Fitar da iska a hankali, kamar mai hura shayi."

Wani dattijo a kujerar gefe ya leƙo. "Ba ta da lafiya ne? Direba!"

"Lafiyarta ƙalau, Baba, tsoro ne. Ni nawa har ƙarƙashin gado yake kai ni."

Malama ta hura. Ta sake hurawa. Ta kafa wa wani tsagin ɗinki a bayan kujera ido, ta ƙirga zarensa, ta ɓace, ta sake farawa. Motar ba ta motsa ba, gadar ma ba ta karye ba. Can ta ji harshenta ya saki.

"Takwas," ta ce. Bayan wani lokaci, "Shida da rabi."

"Har da rabi? Aikin malanta dai!"

Da suka sauka ta dafa wani turken fitila ta amayar da karin kumallonta. Tela ta miƙa mata ruwa, ta raka ta har ƙofar gidan, ta ce ita tana shagon wata mai sayar da zare a bakin titi, in an gama a kira ta.

Tun daga matakala Malama take jin kukan jariri. 'Yarta ta buɗe ƙofa, ido ya faɗa, ɗankwali a karkace, ta tsaya sororo.

"Umma? Wa ya kawo ki?"

"Bas."

Sai kawai yarinyar ta miƙa mata jaririn. "Tun safe yake wannan kukan, na rasa yadda zan yi da shi."

Malama ta so ta ce a bari ta zauna tukuna, don har yanzu hannayenta rawa suke yi, ta kasa tsayar da su. Amma ya riga ya shigo hannun. Ta rungume shi a haka, yana jijjiga tare da ita. Kukan ya ragu, ya koma ajiyar zuciya, idanun suka lumshe.

'Yar ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Umma, don Allah koya mini wannan jijjigar."