Biyar ga Wata Shida

"Baba, mu yi yarjejeniya. Ka daina kira na lokacin aiki, ni kuma in ɗauki hutu in zo mu yi sati tare."

"Na yarda," in ji tsohon tela. "Amma wace rana? Na san 'zan zo' ɗinka, tun rasuwar mahaifiyarka nake jin sa."

"Ba daga bakina ma za ka ji ba. Ina yankar tikiti saƙo zai shigo maka."

Ɗan nasa ma'aikaci ne a kamfanin motocin safa na wani gari mai nisa, yana cikin masu rubuta manhajar sayar da tikiti.

Saƙo kuwa ya shigo: 05/06. Tela ya ɗora tabarau ya karanta yadda ya saba, biyar ga wata shida. Da saura ke nan. Gidan ya yi masa faɗi, daga shi sai keken ɗinki da agogon bango, ga baki an ɗaure masa. Sai ya jefa wayar a aljihun keken, tunda ba mai kiransa, ya tafi ƙauye wurin ƙanensa ya rage kwanaki.

Ranar shida ga wata biyar ɗan ya sauka da jakarsa, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya kira wayar baban, ba ta shiga. Maƙwabciya ta leƙo.

"Kai ne ɗan da ake ta ɗinka wa labulen ɗaki? Ai sai watan gobe ya ce za ka zo."

Ya zauna a dakali ya buɗe kwamfuta. Bai daɗe ba ya gano abin. Ɓangaren tikiti yana fara rubuta rana, sannan wata. Ɓangaren da ke tura wa 'yan uwa saƙo kuwa wata yake sawa gaba, kuma ba wanda ya taɓa jera su ya duba. Nan a zaune ya daidaita su. Ya jira har aka fara neman sa a ofis, ya koma.

Tela ya dawo da sabon matashin kai a hammata. Maƙwabciyar ta ba shi labari tun bai ciro makulli ba.

"Ya yi ƙiba?"

"Ya rame. Gemu ne dai ya fi naka."

Ya shiga ya ajiye matashin a kan gadon da ba a kwana ba. Ya ciro wayar, ya tuna lokacin aiki ne, ya mayar.

Kamfani ya ci riba, an gyara masa manhaja a dakalin wani, ogan ɗan har yabo ya sha. Tela, wanda bai saɓa alkawari ko sau ɗaya ba, shi ya yi asarar satinsa.