Goshin Malam Maharazu

Duk unguwarsu a Gazawa an san Shatu mai ƙuli-ƙuli da tambaya. Ko gishiri ta je saye sai ta ji daga inda aka ɗauko shi. Mijinta, Malam Maharazu, manomi ne mai ƙarancin magana, ya daɗe da sabawa da halinta.

Wata safiya yana alwala ta ga ruwan da ya guntsa yana tsiyaya ta gefen bakinsa na hagu. Da ya ɗago, bakin ya karkace, idon hagu kuma ya ƙi rufuwa. Kafin hantsi gida ya cika. Wasu suka ce iska ce ta mare shi, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce ta fara. Shatu dai ta yafa mayafi, ta sa aka kira musu mai babur sai asibiti.

Ma'aikaciyar jinyar da suka tarar sunanta Zakiyya, ƴar siririya mai fara'a. Ta auna jininsa, ta sa ya matse mata hannuwa, ya yi tafiya zuwa bakin ƙofa ya dawo. Sannan ta ce ya rufe ido, ta toshe masa hanci ɗaya, ta kara wani abu a ɗayan.

"Baba, ƙamshin mi kake ji?"

"Kanumfari," in ji shi.

Shatu ta matso da kujerarta. "Ɗiyata, baki muka kawo, mi ya kai ki ga hanci?"

Zakiyya ta yi dariya. "Inna, akwai jijiyoyi da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa kai tsaye, goma sha biyu, kowace da ta dama da ta hagu. Wata aikinta shaƙa, wata gani, wata ji. Bin su nake ɗaya bayan ɗaya in ga wadda ta kwanta."

Ta haska masa tocila a ido, ta sa ya bi yatsanta da kallo, sama, ƙasa, gefe. Ta shafa masa auduga a kumatu, ya ce yana ji duka biyun. Ta murza yatsu kusa da kunnensa. Ya ɗaga kafaɗu, ya zaro harshe, ya haɗiyi yawu tana kallon maƙogwaronsa. Shatu kuwa duk abin da aka ce ya yi sai ta tsinci kanta tana yi, har ta zaro nata harshen ba ta sani ba.

Da aka ɗiga masa ruwan sukari a gefen harshe na hagu, ya ce lami ne. Ya hura kumatu, iskar ta tsere ta gefe.

"To Baba, ɗaga gira kamar ka ga abin mamaki."

Goshin dama ya tattare, na hagu ko gezau, sumul kamar na jinjiri. Shatu ta yi salati. Ashe abin har goshi ya ci! Amma da ta dubi Zakiyya sai ta ga ta saki ajiyar zuciya.

"Ke kuma murnar mi kike?"

"Inna, da a cikin ƙwaƙwalwa cutar take, galibi goshi yakan tsira, baki kaɗai ke karkacewa, sau da yawa har da hannu ko ƙafa. Shi kuwa hannu da ƙafa ƙalau, ɓarin fuskar ne duka ya kwanta, har goshi. Alama ce jijiyar fuska ce ta kumbura bayan ta fito daga ƙwaƙwalwa, nan wajen kunne. Amma likita ne zai tabbatar."

Shatu ta riƙe haɓa. "Wato yawan ɓarnar ne alheri?"

"A wannan karon dai."

Likita ya duba ya yarda da ita. Aka ba shi ƙwayoyi da maganin ɗigawa a ido, Zakiyya ta koya wa Shatu yadda za ta riƙa manne masa fatar idon in zai kwanta, kada ya bushe.

Sauƙi ya zo a hankali. Sai da aka yi girbin gero aka kai rumbu sannan bakin ya miƙe sosai. Sai dai wani sabon abu ya ɓullo: da zarar Malam ya kai lomar tuwo baki, idon hagu ya kama zubar da hawaye. Shi bai damu ba, yakan share da bakin riga ya ci gaba da ci. Shatu ce ta kasa haƙuri, ranar kasuwa ta ajiye tirenta wajen maƙwabciya ta nufi asibiti.

Zakiyya ta saurare ta, idanunta suka yi haske. "Na karanta wannan a lakol, lokacin da nake koyon jinya, ban taɓa gani ba! Jijiyar ce da take warkewa, wani reshe da ya kamata ya tafi wajen yawu ya ɓace hanya, ya faɗa wajen hawaye. Inna, don Allah ki kawo mini shi gobe."

"Zan kawo shi," in ji Shatu, tana gyara mayafi. "In taho da tuwon, ko akwai naku a nan?"